Kurakuran da ke karya CGPA tun daga aji ɗaya

Duk shekara sababbin ɗalibai na shigowa jami'a da makin JAMB mai kyau, su kuma faɗa ramin da na gabansu suka faɗa. Makin ya buɗe maka ƙofa ne kawai, aikinsa ya ƙare a nan. Daga nan sai CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da ka yi tun daga aji ɗaya, shekararka ta farko.

Babban kuskure shi ne ɗaukar aji ɗaya lokacin shan iska, wai "zan gyara a gaba". Da me za ka gyara? Zauna ka yi lissafin. A tsarin maki biyar, A (70 zuwa sama) biyar ce, B huɗu, C uku, F sifili, kuma kowane maki ana ninka shi da yawan yunit ɗin kwas ɗin, wato nauyin da aka ba shi. A ce digirin shekara huɗu kake yi, yunit 36 kowace shekara, ka gama aji ɗaya da CGPA 2.50. Kafin ka kai 3.50, wato matakin digiri na biyu mai daraja ta sama, sai ka riƙe 3.83 shekara uku a jere. Digiri mai daraja ta ɗaya kuwa, 4.50, ya riga ya kuɓuce: ko A zalla ka kwashe har ka gama, 4.38 za ka tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni abin da nake so ɗalibi ya yi: ranar da ya gama rajista ya rubuta kwasa-kwasansa da yunit ɗinsu, ya manna a bango, masu yunit uku da huɗu su ci mafi yawan lokacinsa.

Na biyu ya fi ƙona min rai: wasa da tes da aikin gida. Maki 30 ne, wasu wuraren 40, tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Wanda ya tara 25 cikin 30, maki 45 cikin 70 yake nema ya samu A. Wanda ya tara 8 sai ya kawo 62. Haba! Ka kwana kana kallon ƙwallo, ka kwafi aikin abokinka a bakin ƙofar aji har da kuskurensa, sannan sakamako ya fito ka ce malami ya tsane ka? Kuma F ba ta gogewa: a yawancin jami'o'in Najeriya ko ka maimaita kwas ka ci, sifilin farko yana nan cikin lissafi.

Sai karatun dare har asuba ana jibi jarrabawa, ana ta maimaita handawut da jan layi da biro. Ido ya saba da shafin, kai kuma ka zaci ka iya. Rufe takardar, ɗauko tambayoyin shekarun baya, ka amsa a rubuce da agogo a gabanka. Inda ka tsaya cak, nan ne ba ka sani ba. Awa biyu kullum tun makon farko ta ishe ka.

Halartar lacca: jami'o'i da dama na sharɗanta kashi 75 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Kada ka raina kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, makinsu na shiga lissafi. Kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka rubuta, a banza. In kuma sakamakonka bai fito ba, kai wa kodinetan ajinku ƙorafi a rubuce a makon da aka fitar da na sauran, ka ajiye kwafi.