Darasi na 9: Rumfar Leda a Lambu

A ƙasashen sanyi ana kafa rumfar leda ne don a tsare ɗumi. Mu a nan arewacin Kamaru, daga Garwa zuwa Marwa har Kusiri, ɗumi bai taɓa yi mana ƙaranci ba. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 ko a inuwa. Wanda ya rufe shuka ruf da leda a irin wannan rana, kafin la'asar ta dahu. Amfanin leda a wurinmu shi ne ta tare ruwan sama mai ƙarfi, domin shi ke kwantar da ƙananan tsiro, ya kaɗe furen tumatir, ya fantsama ƙasa mai ɗauke da cuta a kan ganye. Shi ya sa tumatir ke tsada da damina. Saboda haka dokar farko ita ce: a rufe sama, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa.

Leda

Ledar kasuwa da ake shimfiɗawa don shanya ba ta jure rana. Cikin 'yan watanni takan bushe ta kekkece. A nemi farar leda mai haske wadda aka yi wa maganin rana; a jikin takardarta za a ga an rubuta UV. Ana auna kaurinta da maikiron. Mai 80 zuwa 100 ta isa ƙaramar rumfa, babba kuwa sai mai 150 zuwa 200. Kada a ɗora baƙar leda a kan shuka, tana hana haske.

Ƙaramar rumfa ta renon iri

Da wannan ya kamata a fara, don kuɗinta kaɗan ne, kuma ita ce mai ceton irin albasa da tumatir da tattasai da ake zubawa a Agusta da Satumba, lokacin da ruwa bai ɗauke ba.

A zaɓi wurin da ruwa ba ya kwanciya. Fangali mai zurfi na rani ne. Da damina kunya mai faɗi ake yi, faɗinta mita 1, tsawonta mita 9, tudunta santimita 15 zuwa 20. A miƙe tsawonta daga gabas zuwa yamma, domin hadarin da ke zuwa da iska daga gabas ya fi tasowa. Idan ya tarar da rumfa ta kai, sai ya bi ta wuce. Idan ta gefe ya same ta, ɗaukewa zai yi. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, bokiti ɗaya a kowane mita 2 na tsawon kunya. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona tsiro, yana kuma jawo gara.

Bakuna kuwa, wato ƙarafan da ake lanƙwasawa su ɗauki leda, da rodin gini mai kaurin milimita 6 ko 8 ake yin su. Rodi ɗaya mita 12 ne. Idan aka yanka shi mita 2 da santimita 40, za a samu baka 5. Ana kafa baka a kowane mita 1, har da na farko da na ƙarshe, wato kunya mai mita 9 tana cin baka 10, rodi biyu ke nan. A lanƙwasa kowanne a jikin durom don su zo daidai da juna. A soka ƙafafunsa santimita 20 cikin ƙasa, ɗan nesa da bakin kunya. Tsakiyar bakan za ta tashi kimanin santimita 60. Wanda bai da kuɗin rodi ya tsaga gora ko ya yanki ɗanyen reshen dalbejiya, sai dai gara ba za ta bar su su wuce shekara ɗaya ba.

A ɗaura tanka ɗaya a bisa, ta bi bakuna tun daga farko har ƙarshe, sai biyu a gefe. Ita ke hana leda lotsawa. Duk inda ƙarfe zai taɓa leda a naɗe shi da tsumma, saboda ƙarfen da ya sha rana yana cin leda a daidai wurin. Ledar da ake bukata mai faɗin mita 1 da rabi ce, tsawo mita 11. Da wannan faɗin za ta tsaya kamar taƙi ɗaya kafin ƙasa a kowane gefe, kuma haka ake so. A ja ta sosai, a tattara kowane ƙarshe a ɗaure a turke. Daga nan a gitta igiya ta bisa ledar tsakanin baka da baka, a ɗaure a ƙananan turaka. Kada a huda leda da waya ko ƙusa, daga hujin take fara yagewa. A yi wannan aiki da rana ta ɗan ɗaga, leda ta yi laushi. Wadda aka ja da sanyin asuba takan saki da rana, ruwa ya taru a cikinta har ya karya baka.

A zuba iri layi-layi, santimita 10 tsakanin layi, zurfi santimita 1. Ban ruwa da safe ake yi da bokitin yayyafi. Idan aka ga tsiro yana ruɓewa a gindi yana faɗuwa, ruwa ya yi yawa, iri ya yi cunkoso, ko iska ba ta shiga. A tuge waɗanda suka kamu tare da ƙasarsu, a rage ruwa, a ƙara ɗaga leda. Idan kuwa ya yi tsawo siriri ba ƙwari, haske ya rasa, watakila ƙura ta rufe ledar, sai a wanke ta. Tumatir yana isa dashe a mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu a mako 5 zuwa 6, albasa a mako 6 zuwa 8. Saura mako ɗaya a dasa, a riƙa yaye ledar in ba hadari, don iri ya saba da rana.

Da hunturu abin ya ɗan sauya, musamman a tuddan Mokolo da Ngaundere inda dare ke sanyi, tattasai ya yi nawar fitowa. Nan ana sa leda mai faɗin da zai kai ƙasa, a sauke ta har ƙasa da magariba, a ɗaga da hantsi. Mantuwar yini ɗaya ta isa ta kashe kunya guda.

Babbar rumfa da mutum ke shiga

Faɗi mita 4, tsawo mita 10. Dirkokin tsakiya su tashi mita 3, na gefe mita 2, kowace an binne santimita 60, mita 2 tsakanin juna. Kada a rage tsayin don tsimin itace. Iska mai zafi sama take taruwa, gajeriyar rumfa kuwa a kan shuka take tara ta. Rufin ya zama mai gangara, ledar ta zarce dirkokin gefe da santimita 40, a haƙa lambatu inda ruwan ke zuba. Cikinta za ta ɗauki kunya biyu, kowace layi biyu, santimita 50 tsakanin tushe: kimanin tumatir 80, kowanne da sandarsa.

Gefen a bar shi a buɗe, ko a sa ragar ƙwari. Mai lamba 50 ita ke tare farin ƙuda, wanda ke kawo cutar da ganyen tumatir ke nannaɗewa ya yi rawaya. Gidan sauro yana tare malam-buɗe-littafi da fara, amma farin ƙuda yana ratsa shi. A sani kuma raga mai ƙananan ido tana rage iska, don haka a rataye ma'aunin zafi daidai kan shuka. Idan zafi ya wuce digiri 35, furen tumatir zubewa yake yi ba ɗa. A shafa wa ledar ruwan farar ƙasa ta waje, ko a ɗora tsohuwar zana mai huji-huji.

Tunda iska ba ta kaɗa shuka sosai a ciki, a riƙa girgiza sandunan tumatir da hantsi don fure ya kama. Kokwamba da kankana sai da ƙudan zuma, in an rufe su da raga ba za su yi 'ya'ya ba. Mutane da yawa suna ganin ana ruwa a waje sai su manta cewa ƙasar ciki a bushe take. Ban ruwa na yau a cika gobe a bari shi ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi, ko ya tsage. A duba bayan ganye sau biyu a mako, domin jan ƙwaro ɗan mitsitsi mai saƙa kamar ta gizo-gizo yana son wuri mai zafi da ruwan sama ba ya taɓawa.

Bayan girbi

A kwance leda, a wanke, a shanya a inuwa, a naɗe ta a jikin gora, a ajiye inda rana da ɓera ba sa kaiwa. Wadda ta tsufa tana da sauran aiki: a Maris a jiƙa kunya sharkaf, a shimfiɗa ledar a kanta, a binne bakinta duka, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin yana kashe irin ciyawa, ya rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli. Guntayen da suka yage a tsince su tas daga lambu, kada awaki da shanu su haɗiya, leda ba ta narkewa a tumbin dabba.