Daga Legas zuwa Akra ta mota: takardu, kuɗi da harshe

Hanyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka ƙetare: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a bakin Gana. Kuɗi ma iri uku ne: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana.

Fara da katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya tamkar bai yi ba ne a wurin jami'in lafiya na kan iyaka. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90, amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar. A kowace iyaka ka buɗe fasfonka ka ga hatimin fita da na shiga da idonka kafin ka koma mota. Hatimi ɗaya ya ɓace, a iyaka ta gaba za a tsare ka, direba kuwa ba zai jira ba.

Da ka wuce Seme, Turancin Ingilishi ya daina yi maka aiki sai ka isa Aflao. Ofis da Faransanci ake, kasuwa kuma da yaren Fon a Kwatano ta Benin, da Mina ko Ewe a Lome ta Togo. Sauke Faransanci cikin Google Translate tun kana gida, domin layinka na iya ɗaukewa. Ka rubuta sunan unguwa da lambar wayar mai masaukinka a takarda, ka miƙa wa ɗan acaɓa, waɗanda a Kwatano ake gane su da riga mai ruwan ɗorawa.

Inda harshe ya fi cutar baƙo shi ne lissafi. Bafaranshe ba shi da kalma guda ta 80, "huɗu sau ashirin" yake cewa, 70 kuma "sittin da goma". Kunnen da bai saba ba sai ya kama ashirin ɗin kawai. Hausar ma sai an kula: Bahaushen Nijar da za ka tarar a zango, wato unguwar Hausawa da baƙi, da dala yake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5, wato dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000. Kada ka yi ciniki da baki. Miƙa wayarka a buga maka adadin, ka gani, sannan ka sa hannu a aljihu. Haka ma wajen 'yan canji, ka ƙirga a gabansu. Sefar Kamaru da Cadi daban take, ba ta tafiya a nan.

In ka rasa mai jin maganarka, tambayi zango: akwai shi a Kwatano da Lome, a Akra kuwa ga Nima da Sabon Zango. Can za ka sami masallaci, abincin halal da mai yi maka tafinta. Hausar Gana ba ta cika bambanta mace da namiji ba, in ka ji an ce wa mace "ya zo" kada ka tsaya gyara.

Agogon Togo da Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, ka gyara naka a Hillacondji saboda lokacin tashin mota. Soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta.