Kurakuran da aka fi yi wajen zuba kulorin a ruwan sanyaya tashar wutar lantarki

Kusan duk sabon ma'aikacin da aka turo sashen ruwa yana zuwa da tunani ɗaya, wato kulorin magani ne, kuma idan an ƙara yawansa aiki zai fi kyau. Na gaji da maimaita bayani ɗaya ga kowane rukuni, shi ya sa na ga gara in rubuta shi.

Tashar da ke aiki da tururi tana jan ruwa mai ɗimbin yawa daga kogi, tafki ko teku, ta bi da shi ta dubban siraran bututun kwandensa domin tururin da ya gama juya injin ya koma ruwa, sannan ta mayar da shi inda ta ɗebo. Ruwan nan ba shi kaɗai yake shigowa ba, yana tafe da gansakuka da ƙwayoyin halitta masu yin yauƙi da 'ya'yan ƙumba, kuma da zarar yauƙi ya shafe cikin bututu sai zafi ya daina ratsawa yadda ya kamata, wutar da ake samarwa ta ragu alhali man da ake ƙonawa bai ragu ba. Dalilin zuba kulorin ke nan. Matsalar ita ce ruwan zai koma wurin kifi. Dokar Amurka ta 1982 ta ƙayyade wa tashoshin da suka kai megawat 25, masu jan ruwa su mayar kai tsaye, cewa jimillar ragowar kulorin kada ta wuce miligiram 0.2 a kowace lita, kuma ƙa'idojin Bankin Duniya na 2008 sun ɗauki wannan adadi. Kada wani ya zaci kifi yana jin daɗin 0.2, domin ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa halittun ruwa na ɗan gajeren lokaci shi ne miligiram 0.019 a kowace lita a ruwan daɗi da 0.013 a ruwan gishiri. An yarda da 0.2 ne bisa zaton cewa ruwan zai gauraya da na waje, ragowar kuma ta mutu da sauri.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne auna sakakken kulorin kaɗai, wato wanda bai haɗu da komai a ruwan ba, a rubuta shi a littafin aiki kamar shi ne duka. Idan akwai amoniya a ruwa, kulorin yana haɗuwa da ita ya zama kuloramin, wanda ƙwayar gwaji ta DPD mai lamba ɗaya ba ta nunawa, sai an ƙara mai lamba uku an jira mintuna biyu launin ruwan hoda ya gama fitowa. Kuloramin ya fi daɗewa a ruwa, kuma yana lalata gaɓoɓin numfashin kifi da ke gefen kansa kamar yadda sakakken yake yi. A wata tasha da na yi aiki, farkon damina ruwan sama ya wanko ƙazantar gari da taki zuwa mashigar ruwanmu. Mai aikin dare ya ga ƙwaya ta ɗaya ba ta ba da launi sosai ba, sai ya ƙara buɗe famfon bilic, wato ruwan maganin da ke ɗauke da kulorin, ya sake aunawa ya ga har yanzu 0.1, ya sake ƙarawa. Da asuba bakin mafitar ruwa ya yi fari da ƙananan kifaye sun juya ciki sama, masunta sun jeru da kwale-kwalensu suna kallonmu. Wani dattijo daga cikinsu ya ɗago guda ɗaya, ya buɗe mini gefen kansa inda ya kamata ya zama ja wur amma ya koɗe, ya ce, "Injiniya, wannan ba ƙugiya ce ta kashe shi ba." Da muka ƙara ƙwaya ta uku a ruwan, kwalbar ta rine nan take. An biya diyya, an amsa tambayoyin hukuma, kuma ni da ke da alhakin sashen na daɗe ina rubuta rahoton bayani. Duk wannan saboda ƙwaya ɗaya da ba a jefa ba.

Don haka ku saurara da kyau, ku da kuke ganin lamba uku ɓata lokaci ce. Takardar izinin zubar da ruwa tana maganar jimilla, to jimilla za ku auna. Idan kun ga sakakken ya ƙi tashi duk da kuna ƙara magani, ku ɗauke hannu daga famfon, domin alama ce ruwan yana cinye kulorin ko yana ɗaure shi, ba alama ce ta ƙarancinsa ba. Ni a al'adata, duk ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi ina sa a sake gwada yawan kulorin da ruwan ke cinyewa kafin a taɓa ma'aunin famfo. Wannan ya fi zama dole a wurare irin su lagun ɗin Legas, inda tashar Egbin mai megawat 1,320 take, domin gishirin ruwan yana hawa da rani ya sauka da damina, don haka adadin da ya dace a Fabrairu ba shi zai dace a Yuli ba. A ruwan teku ma lamarin ya sauya fuska, saboda akwai sinadarin buromaid kimanin miligiram 65 a lita, kuma kulorin yana mayar da shi buromin, wani sinadari mai aiki irin na kulorin, cikin ƙanƙanin lokaci, ta yadda abin da ke fita daga mafita galibi ba kulorin ba ne, ko da yake da sunansa ake lissafa shi.

Kuskure na biyu shi ne yaƙar ƙumba da zubi mai ƙarfi na ɗan lokaci. Wannan salo yana yi wa yauƙi aiki, amma babbar ƙumba tana jin kulorin ta rufe ɓawonta gam, kuma tana iya zama a rufe kwanaki, balle sa'a ɗaya ko biyu. Ana tsayar da famfo ta buɗe ta ci gaba da cin abincinta. Sabon ma'aikaci ya ga ba ta mutu ba sai ya ninka adadin, ya keta iyaka a mafita, ƙumba kuma tana nan daram. Amurkawa sun sha wannan darasi bayan da aka gano ƙumba mai zane a tafkin Sen Kilya da ke kan iyakar Amurka da Kanada a 1988, ta bazu cikin manyan tafkunansu ta toshe mashigar ruwan tashoshi da garuruwa. Abin da ke aiki shi ne zubi kaɗan ba yankewa a lokacin haihuwarsu, domin 'ya'yan da ido bai cika gani ba su kasa manne wa bango. Dokar Amurka ta hana kowane inji sakin kulorin fiye da sa'o'i biyu a rana, amma ita kanta ta bar ƙofa ga wanda ya nuna wa hukuma hujjar cewa yana bukatar fiye da haka saboda irin waɗannan halittu. Hanyar ke nan, a je a nemi gyaran izini da hujja a hannu, ba a riƙa ƙara magani cikin dare ana fatan babu mai gani ba. Ni kan sa a rataye ƙananan faranti a mashigar ruwa ana duba su duk mako, ranar da na shafa na ji kaushi kamar yashi na san lokacin ya yi. Wasu abokan aiki sun fi son bin zafin ruwa da kalanda, ban ce sun yi laifi ba, amma na fi yarda da yatsana. Kuma idan ƙumbar ta riga ta girma, a shirya wa abin da zai biyo bayan kashe ta, domin ɓawon yana saki gaba ɗaya ya cika matatar ruwa da bakin bututu, har a tsayar da injin a shiga kwasa da shebur.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Ɗibar ruwa a kwalba a kai shi ɗakin gwaji bayan rabin sa'a yaudarar kai ce, kulorin yana mutuwa a hanya, a auna a bakin mafita. A kuma lissafa tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka daga wurin zubi zuwa mafita, domin wanda ya auna kafin maganin ya iso sifili zai samu kullum. Idan kulorin ya yi yawa ainun, kamar sama da miligiram 10 a lita, yana iya koɗar da launin DPD ya nuna kamar babu komai, don haka duk wanda ya ga launi ya fito ya ɓace ya sirka ruwan ya sake gwadawa. Bilic ɗin masana'antu mai ƙarfin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari yana raguwa a zafi da hasken rana, tankin da ya kwana biyu a fili ba ƙarfin da ke rubuce a takardarsa yake da shi ba.

Masu kashe ragowar kulorin da sodiyom bisalfait kafin mafita su san cewa kimanin kashi ɗaya da rabi ake bukata ga kowane kashi ɗaya na kulorin, kuma wanda ya malala shi don ya huta da awo zai cinye oksijin da ke cikin ruwa, kifin ya mutu ta wata hanyar. A hasumiyar sanyaya ruwa kuwa, inda ake sanyaya ruwan a sake amfani da shi, a lura da ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, domin a 7.5 kusan rabin kulorin ne ke cikin siffarsa mai ƙarfi, a 8.5 kuma bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, kuma a nan buromin ya fi amfani. Bututun da aka yi da gaurayen tagulla suna ciwuwa idan kulorin ya yi yawa, na titaniyom ne ke jurewa, don haka a san da wane ƙarfe ake aiki. Inda ake haɗa maganin daga ruwan teku da wutar lantarki, iskar haidurojin tana fita tare da shi, kuma kashi 4 cikin ɗari a iska ya isa ta kama wuta, saboda haka ba a kunna na'urar sai fankar tankin tana juyawa. Layin bilic da na asid kuma kada su taɓa haɗa magudana ɗaya, kuma a sa wa bakin kowane tanki mahaɗi mai siffa daban, yadda direban tanka ba zai iya sauke kaya a inda ba nasa ba ko da ya iso cikin dare.