Yadda za a riƙe teburin Dungeons & Dragons ya daɗe bai watse ba

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, siffar wasan tana nan: mutane kaɗan sun zagaye tebur, jagora yana bayyana duniyar da ake ciki, sauran kowa ya hau matsayin jarumi ɗaya, dayis kuma ya raba gardama. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997, shi ma Wizards ɗin kamfanin Hasbro ya saye shi a 1999. A Janairun 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan shirin sauya lasisin da ƙananan mawallafa ke dogaro da shi, har Wizards ya janye, ya saki ginshiƙan dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke bai wa kowa damar amfani da su kyauta. Dokoki dai ga su nan kyauta. Abin da ya fi watsa tebur abu biyu ne: a kasa tsayar da rana, ko jagora ya gaji.

A fara da yawan mutane. Jagora ɗaya da 'yan wasa uku zuwa biyar ya isa. Idan aka kai bakwai, kuma kowa na cin minti biyu a lokacin faɗa, mutum zai jira minti 12 kafin layi ya zo kansa, ban da abin da jagora zai ci wajen motsa dodanni. A nan ne ake ciro waya, hankali ya tafi.

Rana kuwa a tsayar da ita sau ɗaya, misali Asabar ɗin farko da ta uku a kowane wata, awa uku zuwa huɗu. Kada a riƙa tambayar wane lokaci kowa ke da sarari a kowane mako, domin da wuya mutum shida su haɗu a kan amsa ɗaya. A kafa doka tun farko: muddin mutum uku sun zo, za a yi wasa. Jarumin wanda bai zo ba a ce ya tsaya gadin dawaki. Ɗage zama sau biyu a jere shi ne mafarin mutuwar yawancin tebura, saboda labarin ya riga ya huce a zukata.

Kayan wasa ba su da yawa: takardar jarumi, fensir, da dayis bakwai masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, na fuska 10 ɗin guda biyu ne. Saiti ɗaya zai iya zagaya teburin duka, kuma akwai manhajojin waya da ke jefawa. Inda babu su sam, dayis biyu na lido sun wadatar ga tsarin da wani wasa irin wannan mai suna Apocalypse World ya zo da shi a 2010: a jefa biyu a haɗa, 10 ko fiye nasara ce, 7 zuwa 9 nasara mai ɗauke da asara, 6 ko ƙasa kuma an shiga uku. Idan babu ƙarin maki (abin da ƙwarewar jarumi ke ƙarawa kan lambar da aka jefa), cikakkiyar nasara hanya 6 ce kawai cikin 36, don haka labari ba ya rasa matsala.

Zaman farko ba na faɗa ba ne. A zauna a amince da irin labarin da ake so, na ban tsoro ko na raha, da abubuwan da ba a son su fito, da dalilin da ya haɗa jaruman tafiya tare. Wanda ya ƙirƙiri jarumi mai sace kayan abokan tafiyarsa, gara a taka masa birki a ranar.

Sai babbar magana, gajiyar jagora. Sabon jagora yakan kwashe kwanaki yana rubuta tarihin dauloli da sarakunan da babu wanda zai tambaya, ranar wasa kuma jarumai su bi wata hanya dabam. Shirin zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya ko biyu: wuraren da za a iya zuwa guda uku, mutane huɗu ko biyar da abin da kowannensu ke nema, faɗa ɗaya, da jerin sunaye na ko-ta-kwana. Duk sirrin da labari ba zai ci gaba ba sai an gano shi, a ajiye masa alamu uku a wurare dabam-dabam, domin 'yan wasa sukan tsallake ɗaya, su yi wa ta biyu mummunar fahimta. Wajen sa lambar da ɗan wasa zai nema da jifan dayis mai fuska 20 don ya yi nasara, 10 mai sauƙi ce, 15 matsakaiciya, 20 mai wuya. Kowace fuska ta dayis mai 20 kashi 5 ce cikin ɗari, saboda haka mai ƙarin maki 3 da ke neman 15 yana da kashi 45 kacal. Abin da dole ne ya faru, kada a rataya shi a kan jifa.

Labarin farko a yanka shi zama shida zuwa takwas, ya zama yana da ƙarshe. Idan ya ƙare, wani daga cikin 'yan wasan ya karɓi jagoranci na zama ɗaya tak, da jarumai da aka riga aka shirya da kogo mai ɗakuna biyar. Tsohon jagora ya zauna a matsayin ɗan wasa, ya riƙe littafin dokoki don dubawa idan an tambaye shi, gyara kuma ya bari sai an tashi.