Yadda ake haɗa man shafawa na kaɗanya a gida, daidai da yanayin Damagaram

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Damagaram, wajen watan Disamba, fata ce take fara shaida zuwanta: ƙafafu su yi furu-furu, dunduniya ta tsage da faso, yara kuwa ko an shafa musu mai da safe, kafin azahar sun koma kamar waɗanda suka yi birgima a toka. Yawancin mayukan kanti masu ruwa-ruwa ba sa jure wannan iska, domin ruwa ne ya fi yawa a cikinsu. Abin da fata take bukata a wannan lokaci shi ne mai mai kauri wanda zai zauna a kanta ya hana danshinta fita, kuma uwargida za ta iya haɗa irinsa a gida da tukunya, kwano da maburgi.

Man kaɗanya shi ne ginshiƙin haɗin, saboda haka a wurin sayensa ya kamata ki fi natsuwa. Itacen kaɗanya ya fi son ƙasa mai yawan ruwan sama, shi ya sa mafi yawan man da ake samu a Kasuwar Dole daga kudu ake kawo shi, kuma kafin ya iso hannunki ya ratsa hannaye da yawa. Ki ɗebi ɗan kaɗan ki murza a bayan hannunki. Mai kyau yakan narke da ɗumin jiki ya bi fata, ba ya barin tsakuwa-tsakuwa, launinsa kuma tsakanin fari-fari ne da ruwan ɗorawa mai haske. Ɗan ƙaurin hayaƙi ba aibi ba ne, daga wurin sarrafa shi ya samo shi, amma idan kika ji wari mai hawa kai irin na tsohon mai, ki bar shi ko da an rage miki kuɗi, domin babu turaren da zai rufe wannan wari.

Shi kaɗai man kaɗanya yana da tauri, musamman da sanyi, don haka ake sassauta shi da mai mai ruwa. Ni dai man riɗi na fi so, da sharaɗin ba a soya riɗin ba kafin a matse shi, in ba haka ba jiki zai riƙa ƙamshin abinci. Man zaitun ma yana yi, haka man kwakwa, sai dai shi man kwakwa yakan daskare idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 24, kuma yana fito wa wasu da ƙuraje a fuska. Man gyaɗa yana da sauƙin samu a wurinmu, amma kada a sa shi idan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa a gidan.

Batun awo shi ne inda aka fi yin kuskure, domin haɗin da ya dace da garin da ke da sanyi ba zai tsaya a Damagaram ba. Man kaɗanya yana fara narkewa da zafin da bai wuce na jikin mutum ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Na taɓa haɗa wani mai laushi kamar kindirmo a ƙarshen sanyi, na ajiye shi kusa da taga, da bazara ta shigo na buɗe kwalbar na tarar da shi ya koma ruwa tsululu, duk iskar da na wahala na buga masa ta fita. Tun daga nan nake raba awona gida biyu. Na hunturu, man kaɗanya giram 200 da mai mai ruwa giram 100. Na bazara kuwa, man kaɗanya giram 300, mai mai ruwa giram 100, sannan kakin zuma kamar giram 20, saboda kaki ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 60, shi ne yake riƙe haɗin. Idan babu sikeli, ki auna da kofin shayi bayan kin narkar da man: biyu da ɗaya da sanyi, uku da ɗaya da zafi.

Kada ki ɗora man kai tsaye a kan wuta. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki aza busasshen kwano a bakinta yadda tururi ne kawai zai taɓa gindinsa, ki rage wuta. Idan da kaki, shi za ki fara sawa tunda ya fi jinkirin narkewa, sannan man kaɗanyar da kika yayyanka ƙanana. Da ya narke duka ki sauke, ki tace shi da ƙyalle mai tsabta, za ki yi mamakin ɓawo da yashin da zai rage a kan ƙyallen, sannan ki zuba mai mai ruwan ki juya. A duk wannan aiki ki kiyaye kada ko ɗigon ruwa ya shiga ciki, har da gumin da ke taruwa a gindin kwanon, domin mai zalla yakan daɗe, amma idan ruwa ya shige shi sai ya yi fumfuna.

Daga nan sai sanyayawa, kuma a yi ta da sauri. Man kaɗanyar da aka bari ya huce a hankali yakan yi gudaji ƙanana kamar tsakin gero, waɗanda ba sa cutarwa amma suna ɓata daɗin shafawa. Ki sa kwanon a firiji, in babu shi ko an ɗauke wuta ki sayi ƙanƙarar leda biyu ko uku, ki fasa a cikin roba, ki zaunar da kwanon a kai kina juyawa. Abin da kike jira shi ne gefen ya daskare ya yi fari, tsakiyar kuma ta yi taushi yadda yatsa zai shiga ya bar gurbi. A nan ne za ki kama bugu, da injin buga ƙwai na minti biyar zuwa goma, ko da maburgi wanda zai ɗauki fiye da haka kuma sai hannu ya gaji. Za ki ga launin yana washewa, man yana tasowa, har ya tsaya a kan cokali bai zuba ba. Idan ya saki yana neman komawa ruwa, ki mayar da shi kan ƙanƙara na ɗan lokaci, sannan ki ci gaba.

Mai son ƙamshi sai ta ɗiga turaren mai kaɗan a ƙarshen bugun, ban da humra ko turaren fesawa, kuma na jarirai a bar shi haka nan babu turare. Ina roƙon ƴan'uwana mata kada su cuɗa man bilicin a cikin wannan haɗi, domin da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, wanda shi ne abin da muke gudu tun farko.

Ki zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfi, ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da rana, ki riƙa ɗiba da busasshen hannu ko ƙaramin cokali. Gara ki haɗa abin da zai ƙare cikin wata biyu ko uku da ki tara mai yawa ya tsufa. Kafin kowa ya shafa a duk jiki, a gwada kaɗan a cikin damtse a jira kwana guda, idan babu ƙaiƙayi ko ja sai a ci gaba. Lokacin da ya fi amfani shi ne bayan wanka, jiki da sauran danshi. Mai faso kuma ta jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi da dare, ta goge kaushin da dutsen goge ƙafa, ta cika tsagar da man, sannan ta sa safa ta kwanta.