Kafin Ka Sa Ɗakinka Haya a Airbnb a Birnin New York

Da farko, duba takardar hayarka. In mai gida ya hana saukar da baƙi, tsaya nan.

In babu hani, yi rajista ta intanet da ofishin magajin gari mai sa ido kan wannan harka, ka biya dala 145. Tun Satumbar 2023, Airbnb, wato shafin intanet na hayar masauki, ba ya karɓar kuɗin baƙo na ƙasa da kwana 30 sai da lambar rajista.

Sannan ka kiyaye sharuɗɗa: dole kana cikin gidan, baƙi kada su wuce biyu. Kada ka kulle ɗakuna ka hana baƙo shiga. In ka karya sharuɗɗan, ga tara har dala 5,000.

Lambarka ta fito? Saka ta a tallanka.