Yadda na gyara matsalar ɗora bidiyo a Moodle

Alhamdulillahi, ɗaliban sashen walda da na wutar lantarki sun fara miƙa ayyukansu.

Moodle ɗinmu, wato shafin koyarwar da ɗalibai ke miƙa ayyukansu ta intanet, na kan sabar haya ce (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) mai aiki da Nginx, manhajar da ke karɓar buƙatun masu shiga shafin. Rubutu na shiga lafiya ƙalau, amma da zarar ɗalibi ya ɗora bidiyon aikin hannunsa, sai lodin ya tsaya cak, wani lokaci lambar kuskure 413 ta fito. An fara zargin intanet ɗin ɗalibai, na gwada da kwamfutar ofis, ba ta canza zani ba. Filin ajiya kuwa ga shi nan birjik a sabar.

Ashe iyakar girman fayil ce, kuma wuri uku ake saita ta: a PHP (harshen da aka gina Moodle da shi), a Nginx, da cikin Moodle kansa.

Na fara da php.ini, fayil ɗin saitin PHP, wanda ke cikin foldar fpm, don na foldar cli bai shafi shafin ba. Na mayar da upload_max_filesize daga 2M zuwa 200M, post_max_size kuma daga 8M zuwa 210M, tunda dole ya ɗara na farkon. Na sake kunna php-fpm.

Ita 413 ɗin, mai nufin fayil ya wuce iyakar girma, daga Nginx take, domin idan ba a faɗa masa ba, 1M kawai yake karɓa. Na saka client_max_body_size 210M; a nginx.conf, na tantance da nginx -t, sannan systemctl reload nginx.

Sauran a cikin Moodle ne: na ɗaga maxbytes, wato iyakar girman fayil, a saitin tsaro, sai na kowane kwas, sai na kowane aikin da malami ya bayar, don mafi ƙanƙantarsu ke aiki. Tsofaffin kwasa-kwasan da aka saka wa iyaka, ɗaya bayan ɗaya na bi su.